Kotun jiha, kakin tarayya



A ce yau, Allah ya kiyaye, mai kaki ya harbe ɗan acaɓa a shingen bincike tsakanin Zandam da Gwaram. Wa zai gurfanar da shi, Dutse ko Abuja?

A takarda amsar ba ta da wuya. Kisan kai laifi ne a dokar Final Kod ta jiha, kuma sashe na 211 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba Antoni Janar na jiha ikon shigar da ƙara. To amma wanda zai kamo mutumin fa? Soja da ɗan sanda duk na tarayya ne. Kwamishinan 'yan sandan da ke zaune a Dutse, ubangidansa Sufeto Janar ne, sashe na 215 ma ya ba shi damar neman a kai umarnin gwamna gaban shugaban ƙasa kafin ya aiwatar. Soja kuwa yana da kotunsa a bariki.

Mu leƙa maƙwabtanmu na Yobe. A watan Agustan 2022 Sheikh Goni Aisami ya rage wa wani soja hanya daga Nguru, sojan ya harbe shi. Rundunar ta tuɓe masa kaki, ta miƙa shi ga 'yan sanda. A Disambar 2023 Babbar Kotun jiha da ke Potiskum ta yanke masa hukuncin rataya. Wata goma sha shida kacal, abin da ba mu saba gani ba.

Zariya fa? Bayan arangamar da aka yi tsakanin sojoji da mabiya Sheikh Zakzaky a Disambar 2015, gwamnatin Kaduna da bakinta ta shaida wa kwamitin Mai Shari'a Mohammed Lawal Garba cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya. Kwamitin ya ce a hukunta sojojin da ke da hannu. Jihar ta iya gurfanar da Zakzaky, har kotu ta sallame shi a Yulin 2021, amma soja ko ɗaya bai tsaya gaban alƙalinta ba.

Kundin tsarin mulki ɗaya ne ke aiki a Yobe da Kaduna. A Yobe kurtu ne ya aikata don kwaɗayin mota, barikin ya sake shi. A Zariya runduna ce ta fito da umarnin manya, ƙofa ta rufe. Ni a ganina, muddin sakin mai laifi ya rataya ga ganin damar kwamandansa, ikon Antoni Janar ɗin Dutse a bakin ƙofar bariki yake tsayawa, da takardar tuhuma a hannu.