Wa ya ce ɗan Kebbi ba shi da kan lissafi?

Na gaji da jin manya suna cewa yaranmu ba su da kan lissafi. Duk shekara idan sakamakon WAEC da NECO ya fito, sai a hau su da zagi, wai malalata ne, wai waya ta cinye musu hankali. Ƙarya ne. Ku tsaya a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi da la'asar ku kalli 'yar shekara tara mai tallan awara. Mutum uku za su miƙo kuɗi a tare, kowa da abin da ya saya, ta sallame su ba ta yi ɓatan ko naira goma ba. Washegari a rubuta mata 250 sau 3 a allo, a jefo tambayar da Turanci, sai ta sunkuyar da kai. Malam ya zana mata sifiri, kowa ya yarda daƙiƙiya ce.

Lissafi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Manomin shinkafa a fadamar Argungu ya san idan ruwan sama ya shayar da gona, zakka ɗaya cikin goma ce, idan kuwa da injin ban-ruwa ya sha wahala, ɗaya cikin ashirin. Wanda ya samu buhu 40 a rani zai fitar da 2, mai damina ya fitar da 4, ba wanda ya nemi biro. Wannan shi ne kason cikin ɗari da ake firgita 'yan aji biyar da shi.

Dubi rabon gado. Mutum ya rasu ya bar mata ɗaya, ɗa ɗaya da 'ya ɗaya, da naira 240,000. Matar ta ɗauki sumuni, 30,000. Saura 210,000, kuma ɗa yana da ninki biyu na 'ya. Nawa ne rabon 'yar? Wani adadi ne da ba mu sani ba tukuna, wanda idan an haɗa shi da ninkinsa biyu zai ba da 210,000. A raba uku: ita 70,000, shi 140,000. To, aljabara ke nan, ba ƙari ba ragi. Malaman zaure a ƙasar Gwandu suna warware irin wannan tun zamanin Abdullahi ɗan Fodiyo, har da masu sarƙaƙiyar da sulusi da sudusi da rubu'i ke haɗuwa a mas'ala guda. Kafin su ma, Muhammadu al-Kashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi a 1732 kan murabba'an lambobi waɗanda kowane layi ke ba da jimla ɗaya, ya rasu a Alƙahira a 1741. Jikokin waɗannan mutane ne yau ake gaya wa lissafi ya fi ƙarfinsu.

Abin da ake yi a yawancin azuzuwanmu ba koyarwa ba ne, rera waƙa ce. Yaro ya haddace jadawalin sau daga biyu zuwa sha biyu, ya rera shi tiryan-tiryan, amma ka tambaye shi bakwai sau takwas kai tsaye, sai ya koma farko ya taho. Ana koya masa mita da santimita bai taɓa riƙe tef ba. Ana zana masa kusurwa a allo, alhali magini na aza tubali a bayan tagar ajin, yana daidaita kusurwar ɗaki da igiya: ƙafa uku nan, huɗu can, biyar a karkace. Ba wanda ya taɓa gaya wa yaron cewa ƙa'idar da zai haddace a sakandare ita ce a hannun maginin nan.

Kuma jahilcin awo tsada gare shi. Akwai mai takardar sakandare da zai rantse fili ƙafa 50 sau 50 rabin mai 100 sau 100 ne. Rubu'insa ne, 2,500 a kan 10,000. Akwai manomin da ba ya bambanta eka da hekta, alhali hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi. A ba shi taki da iri a kan hekta, ya zuba a eka, ko a rubuta masa bashin da bai iya bin diddiginsa ba. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin rancen manoma na Babban Banki a Nuwamban 2015, a Argungu aka buɗe katafaren kamfanin casar shinkafa na WACOT a 2017. Kamfani da kilo yake saye, manomi da buhu da kwano yake tunani. Wa ke koya wa ɗansa ya haɗa biyun?

Ana cikin wannan hali sai Abuja ta ƙara wa wuta fetur. A 2022, lokacin ministan ilimi Adamu Adamu, gwamnati ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa tsawon shekara shida. A Nuwamban 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya soke tsarin, ya ce Turanci kawai, hujjarsa kuwa faɗuwar da ake yi a WAEC da NECO da JAMB. Ranka ya daɗe, mu ma mu yi ɗan lissafi. Yaron da ya shiga aji ɗaya bayan 2022, aji nawa yake a 2025? Ko rabin firamare bai wuce ba. Ta yaya ya faɗi WAEC? Waɗanda suka faɗi, da littattafan Turanci aka yi musu karatu. Littafin lissafi na Hausa nawa aka raba kafin a ce tsarin ya gaza? Malamai nawa aka horar?

Ai an taɓa gwadawa da gaske. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci koyar da yara a Ife da Yarabanci tsawon shekarun firamare shida, har da lissafi da kimiyya, Turanci kuma aka ba shi darasinsa daban. Yaran ba su koma baya ba, ko a Turancin. Ba na ƙin Turanci, 'ya'yana ma ina so su iya shi. Abin da na ƙi shi ne a ɗora wa ɗan shekara shida fahimtar rabawa da fahimtar baƙon harshe a numfashi guda, idan ya kasa a ce shi ne mai laifi.

Mu ma iyaye muna da kaso. Uba ya ce da ɗansa "ni ma ban taɓa iya lissafi ba", yana dariya, yana ƙirga kuɗin dillanci da ka.

Firamare a hannun jiha da ƙananan hukumomi take. Ba abin da ya hana hukumar ilimin bai-ɗaya ta Kebbi ta sa tef da sikeli da kwanon awo a kowane aji. Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie tana nan a Argungu, ita ke yaye malaman. Kada ta miƙa wa kowa takardar koyar da firamare sai ya tsaya gaban yara ya bayyana musu sulusi da Hausa, sannan ya fita da su fili su auna shi da hannunsu.