Lafiyarmu: Murya ma jari ce

Ƴan uwa mata, da yawanmu da murya muke neman abinci: mai tallan ƙosai, malamar lakwal, mai kiran suna ranar zubi. To, in murya ta dishe har ta wuce sati 3, kar mu tsaya ga citta da zuma. Mu je wurin likitan kunne, hanci da maƙogwaro, ya duba jijiyoyin murya da ƙaramin madubi ko kamara. Sau da yawa kanta ce ta fito musu don yawan ɗaga murya, kamar ta hannun mai daka. Ba lalle sai tiyata ba: mai gyaran magana zai koya mana jan numfashi daga ciki da magana ba yunƙuri. Mu yawaita shan ruwa, mu guji hayaƙin murhu. Raɗa ma tana gajiyar da murya. Kuɗin mota kuwa, mu tada zancen a taron asusu.