Icce tun yana ɗanye: ina makomar akushi?

A wannan sati filin namu zai ɗan jingine maganar siyasa da ta tsadar hatsi, ya leƙa rumfar masassaƙa, domin akwai wani zance a can wanda ya shafi manomi, ya shafi mai sana'a, ya kuma shafi hukuma.

Duk wanda ya girma a ƙasar Katsina ko ta Gobir ya san akushi. Shi ne mazubin tuwon maigida, shi ake kai wa baƙon da ake jin nauyinsa. Yana riƙe ɗumin tuwo ba tare da ya ƙona hannun mai ɗauka ba, kuma in an kula da shi ana shafa masa mai, uwa takan bar wa ɗiyarta shi. Yau kuwa, a bi gidajen unguwar Zariya ɗaya bayan ɗaya a ga abin da ke kan tabarma lokacin cin abinci: roba ce, da silba, da kular da aka shigo da ita daga waje. Akushi ya koma kayan ado, ana fito da shi ranar bukin gargajiya a mayar.

In aka tambayi dalili, kowa sai ya ce roba ce ta kashe shi, domin ta fi araha. Wannan gaskiya ne, amma akwai dalili na biyu da ba a cika faɗi ba, wato rashin icce. Akushin kirki gungume yake so, mai kaurin da hannu biyu ba su zagaye shi. Masassaƙi yana sa gatari da gizago ya rarake cikinsa, fiye da rabin gungumen ya tafi a sassaƙe, akushi guda ya fito. Muddin akwai manyan itatuwan danya da ƙirya a bakin gari, wannan ba asara ba ce da za ta dami kowa. To, sai ga noman gyaɗa ya cinye daji, ga farin 1973 da na 1984, ga birnin Maraɗi yana ta faɗi, kowane murhu yana neman rabonsa. Manyan itatuwa suka ja da baya, sai a wurare irin dajin Baban Rafi, inda ma'aikatan gandun daji suka sa ido. Masassaƙin da ba shi da gungume kuwa, me zai koya wa ɗansa?

Sai dai Allah ya yi wa jiharmu wata baiwa wadda duniya ta fi mu yawan zancenta. A watan Mayu na 1984, zamanin Seyni Kunce, a nan Maraɗi aka yi babban taron ƙasa kan yaƙi da hamada. Shekara guda kafin haka, a 1983, wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda ke aiki da ƙungiyar SIM a wannan yanki, ya lura cewa ƴan tsirran da manomi ke sarewa kowace bazara tohon tsofaffin kututture ne, masu saiwa da rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi aka bari, aka datse sauran, icce zai tashi da sauri fiye da wanda aka dasa. Shi ne abin da manoma suka raɗa wa suna sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an raya itatuwa kamar miliyon 200 a kan hekta miliyon 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, kuma a 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta duniya a ƙasar Suwidin saboda wannan aiki. Amma gumin na talakawanmu ne.

Itatuwa sun dawo ke nan, sai dai ba irin na kakanninmu ba ne. Abin da manomi ke samu a yau rassa ne da ƙananan gungumai, daga kaurin damtse zuwa kaurin cinya, waɗanda yake saukewa lokacin gyaran gona. Haka mai lambun mangwaro a bakin gulbi, haka masu datse dogon yaro a titunan birni don kada ya taɓa wayar lantarki. Ina duk wannan icce yake tafiya? Murhu. Ana ɗaure shi dami-dami a sayar a kan ƴan daloli, ya zama toka kafin la'asar. Hausawa sun ce rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Iccen da ya yi wa gizago ƙanƙanta bai yi wa injin juyi ƙanƙanta ba.

Injin juyi shi ne wanda makanikai ke kira tur, kuma duk wanda ya taɓa kai ƙarfen mota gyara a birnin nan ya ga irinsa. Na icce ma haka yake aiki: ana ɗaure gungume tsakanin ƙusoshi biyu, yana juyawa, mai aiki ya kanga masa ƙarfe mai kaifi yana fere shi har ya ɗauki siffar da ake so. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai, domin an sami zanenta a bangon wani kabari a Masar wanda ya kai shekara 2300. Ba ta kuma dogara da lantarki ba. A Ingila an daɗe ana aiki da injin da ba shi da komai sai igiya, da sanda mai lanƙwasa a sama, da abin takawa a ƙasa kamar na masaƙi. In aka taka, igiya ta juya iccen, ƙarfe ya yanka. In aka saki, sandar ta mayar da shi. Wani mai suna George Lailey ya yi ta yin akusa da irin wannan inji har rasuwarsa a 1958, kuma yakan fitar da akusa da dama daga gungume guda, ƙarami a cikin babba, kamar yadda ake jera ƙore. Injinsa yana nan ajiye a wani gidan tarihi a garin Redin. Mu da muka ga yadda Nijeriya ta yanke wa ƙasarmu wuta a watan Agusta na 2023 bai kamata mu raina injin da ƙafa ke turawa ba. Kafinta zai iya haɗa shi, maƙeri ya ƙera masa ƙarafan yanka da tsohon ƙarfen mota.

Abin da ya fi jan hankali shi ne, masu wannan sana'a a Turai da Amurka sun fi son ɗanyen icce, kamar dai yadda masassaƙanmu suka fi so tun fil azal. Ɗanyen icce yana da taushi, ƙarfe yana shiga cikinsa ba gardama, ba ya saurin dakushewa, ba ya kuma tayar da ƙura. Wahalarsa tana zuwa ne daga baya, wajen bushewa. Sabon sare, a wasu itatuwan, rabin nauyinsa ruwa ne. Ruwan yana fita da farko ba tare da iccen ya motsa ba, amma da zarar abin da ya rage ya sauka ƙasa da kamar kashi 30 cikin 100, sai iccen ya fara tsukewa. Tsukewar kuma ba daidai take ba. A tsawonsa kusan ba ya raguwa. A kewayensa kuwa yana raguwa kamar ninki biyu na yadda yake raguwa daga ɓawo zuwa tsakiya. Shi ya sa gungumen da aka yar a rana yake darewa tun daga cibiyarsa, shi ya sa kuma akushin da aka bar wa cibiya a jiki ba ya daɗewa sai ya tsage.

Maganin abin uku ne. Na farko, a tsaga gungumen biyu ta tsakiya, a fitar da cibiyar gaba ɗaya. Na biyu, a yi bangon akushin da kauri ɗaya daga baki har gindi, domin in wani wuri ya fi kauri, siririn zai riga shi bushewa ya ja shi har ya tsage. Na uku, a busar da shi a hankali. Mai son akushi zagayayye sosai yakan yi masa juyi biyu: ya fara barin bango mai kaurin kashi ɗaya cikin goma na faɗin akushin, wato santimita 3 ga akushi mai faɗin santimita 30, ya ajiye shi watanni ya bushe ya karkace iyakar karkacewarsa, sa'an nan ya mayar da shi kan inji ya daidaita. Wanda ba ya son jira kuwa yakan fere shi siriri tun farko, ƙasa da santimita guda, ya bar shi ya ɗauki siffar da ya ga dama. A ƙasarmu babban abokin gaba shi ne iskar hunturu, wadda ke iya tsaga sabon akushi a dare ɗaya. Sai a naɗe shi cikin takardar buhun siminti tare da sassaƙensa, a sa a ɗaki mai inuwa, a riƙa dubawa.

Daga cikin irin akusan da ake yi ta wannan hanya akwai wanda ya fi dacewa da ƙaramin iccenmu, shi ne akushi mai bakin ɓawo. A al'ada, in an tsaga gungume, gefen tsagar ne ke zama bakin akushi. A nan sai a juya lissafin: gefen tsagar ya zama gindi, bayan iccen mai ɓawo ya zama baki. Da yake bayan icce a lanƙwashe yake, bakin akushin ba ya fitowa a miƙe. Gefe biyu suna tashi sama, gefe biyu suna sauka, kamar sirdin doki, kuma siririn ɓawo yana zagaye da shi yadda Allah ya halitta. Reshe mai kaurin santimita 25 zai ba da akusa biyu masu faɗin kusan taƙi guda. In ya bushe ya ɗan yi tsawo kamar ƙwai, ba wanda zai ce aibi ne, tunda dama ba zagayayye aka nufa ba. Ga wanda ke son ɓawon ya zauna, sai ya sari iccen lokacin da ruwansa ya kwanta, wato da rani ga yawancin itatuwanmu, domin da damina ɓawo yana saɓulewa da sauƙi. Gawo ne kaɗai ya saba wa ƴan uwansa, shi da ke zubar da ganye da damina ya yi kore da rani. Shi kuma dama doka ta kare shi, ba a taɓa shi sai da izini.

Kada mu yi wa kanmu ƙarya: wannan akushi ba na tuwo da miyar kuka ba ne. Ɓawo yana shan ruwa, wanki yana ɓamɓare shi. Wurinsa shi ne inda ake zuba goro, da dabino, da gyaɗa, da alawar baƙi, ko kan teburin ofis, ko cikin kayan ɗakin amarya. Ba kuma zai kori roba daga kasuwa ba, domin matar da ke lissafin kuɗin cefane ba za ta bar abu mai araha ba. Amma mai injin da ya iya wannan, ya iya akushin tuwo, da faranti, da ƙafar kujera, da ƙotar kayan aiki. Kasuwar kayan hannu kuma tana nan: akwai ƙauyen masu sana'a na Wadata da gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai, akwai babban baje kolin Wagadugu wanda aka fara a 1988. Dukawanmu da maƙeran farfaru sun daɗe suna cin wannan kasuwa. Me ya hana masassaƙa?

Abin da ya rage shi ne kowa ya ɗauki nasa kaya. Hukuma ta riga ta yi rabin tafiya. Dokar gandun daji ta Turawan mulki ta 1935, da wadda ta biyo bayanta a 1974, sun sa manomi yana kallon iccen gonarsa kamar kayan gwamnati, yana tsoron tara in ya taɓa shi. An sake dokar a 2004, kuma a watan Yuli na 2020 aka fitar da wata takarda ta musamman wadda ta tsara sassabin zamani, ta amince da haƙƙin manomi a kan abin da ya raya. Saura a bayyana wa jama'a da Hausa, a rediyo da dandalin gari, wane reshe ne manomi zai iya sayar wa masassaƙi, da wace takarda, don kada yaron da ya ɗauko gungume a amalanke daga Jiratawa ya ƙare a hannun ma'aikata. Sa ido kuma wajibi ne, domin in sana'ar ta yi riba, za a sami masu kwaɗayin da za su bar reshe su kama gindi, mu koma gidan jiya.

Makarantun koyon sana'a na gundumominmu, da babbar makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa, su ne ya kamata su haɗa injin farko su gwada shi da danya, da mangwaro, da dogon yaro, da aduwa, a ga wanda ya fi riƙe ɓawo da wanda ya fi jure hunturu. Malaman aikin gona na jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo suna iya auna wannan su rubuta. Amma kada a yi kuskuren da aka saba, a kira ƴan boko a bar masu abin a waje. Tsohon masassaƙin Tibiri wanda ke duban icce ya san inda zai tsage ya riga ya mallaki rabin ilimin. Shi da ɗansa ne ya kamata su fara taka injin, kuma a nemi yardar sarakunan sana'ar tun daga farko.

Mu kuma masu saye, in mun gan shi a kasuwa, mu taya da mutunci. Manomin da ya ga reshe guda ya kawo masa kuɗin dami uku ba sai an yi masa wa'azin kiwon icce ba.

An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Tsofaffin da suka san gizago suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, jikokinsu kuma suna kan kabu-kabu a titunan birni. In za a haɗa su da injin, yanzu ne, tun suna da sauran ƙarfin nuna wa yaro yadda ake karanta gungume.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.