Fim mai dogon zango: Wa ke biyan kuɗin jan labari?

Tun da kasuwar faifan CD ta durƙushe, Kannywood ta koma fina-finai masu dogon zango. Tashar Arewa24 ta share hanya da Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, sannan a 2020 Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Aminu Saira suka ja ɗimbin masu kallo zuwa YouTube. Ga kuma manhajoji irin su Northflix, inda sai ka biya kafin ka kalla.

Wannan sauyi ya taɓa labarin kansa. A zamanin faifai, furodusa kan sayar da kashi na ɗaya da na biyu, labari ya ƙare. Yau ribarsa tana cikin dawowarka mako mai zuwa. Shi ya sa kowane kashi ke tsayawa daidai inda hankalinka ya tashi, maganar minti biyu ta kai goma, a sako sabuwar kishiya ko ɓoyayyen ɗa don a samu wani zangon. Haka marubutan littattafai ke yi a WhatsApp: shafukan farko kyauta, da labari ya yi daɗi sai a ce turo kuɗi.

Ba a musun alfanun tsarin. Ya samar wa matasa aiki, ya kuma ba marubuci filin gina hali a tsanake. Amma mai kallo a Gusau ne ke biyan kuɗin jan zaren, musamman bayan hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 kan kuɗin kira da data a Janairun 2025. Da yawa a Tsafe da Bunguɗu sun gwammace su kai waya wurin masu tura fim, inda ko sisi ba ya isa hannun furodusa. Mutanen Zamfara kuma ba su manta Satumban 2021 ba, lokacin da aka katse layukan sadarwa: duk mai bin fim a intanet sai ya tsaya a tsakiyar labari.

Shawarata ga furodusoshi ita ce a kammala rubutu kafin a ɗauki kyamara, a faɗa wa mai kallo adadin kashin tun farko, a biya marubuci hakkinsa. Mu kuma masu kallo, idan labari ya fara zagaye wuri ɗaya, mu daina latsawa. Adadin masu kallo ne kawai maganar da furodusa ke saurin ji.