Dakoro: kat-kat ba ta maye gurbin hanya

Duk lokacin da gwamnati ko wata ƙungiyar agaji ta miƙa makullin sabuwar motar ɗaukar marasa lafiya a jahar Maraɗi, magana ɗaya ce ake maimaitawa cikin jawabai: kat-kat ce, babu inda ba ta shiga. A Dakoro, direbobi sun san inda wannan magana take tsayawa. Kwaltar da ta taso daga Tibiri tana kai mutum cikin gari lafiya lau. Amma mafi yawan hanyoyin da ke fita zuwa ƙauyuka da rugage, wajen kwarin Tarka, Bermo da gandun dajin Gadabeji, jar ƙasa ce ko kuma sawun motoci cikin rairayi. Da rani rairayin ya yi laushi ya zama tarko, da damina fadamu su zama taɓo, ƙoramu su ɗauko ruwa.

Abin da kat-kat take yi ɗaya ne: tana raba ƙarfin inji ga ƙafafu huɗu maimakon biyu. Wannan yana taimaka mata ta tashi, ta kuma hau tudu. Ba ya ƙara mata tsawo, ba ya rage mata nauyi, kuma ba ya ƙara wa birki komai, domin kowace mota da ƙafafu huɗu take taka birki. Tsakanin ƙasa da kaskon ƙarfen da ke tsakiyar ƙafafun baya, wanda makanikai ke kira pon, tazarar ba ta cika wuce santimita 20 zuwa 25 ba, ko a Land Cruiser ko a Hilux. Da zarar tayoyi sun haƙa rami har cikin motar ya zauna a kan rairayi, an gama. Ƙafafun suna juyawa, nauyin kuwa ba a kansu yake ba, kuma duk wutar da direba ya ƙara, ƙara binne motar yake yi yana ƙona kuloci.

Akwai kuma wani abu da masu saye ba su cika tambaya ba. Ba duk motar da aka rubuta wa 4x4 a baya ba ce motar daji. Da yawa daga cikin ƙananan motocin da ake shigo da su na hannu daga Turai, irin su RAV4, an ƙera su ne don kwalta mai santsi. Ba su da ƙaramin bitesin nan mai jan nauyi da direbobi ke kira karabo, ba su kuma da makullin da ke tilasta wa ƙafafu biyu na gefe da gefe su juya tare. In babu wannan makulli, ƙarfin injin yana tsere wa ne zuwa ƙafar da ta fi samun sauƙin juyawa, wato wadda ta riga ta rasa abin kamawa.

Mutanen ƙasashen sanyi sun san wannan darasi da ƙanƙara. A can ma mai irin wannan mota yakan ji tana tashi ba gardama, sai ya ɗauka za ta tsaya haka nan ba gardama, ko ya kutsa inda dusar ƙanƙara ta fi cikin motarsa tsawo. A watan Janairun 2022, a Murree ta ƙasar Pakistan, sama da mutum 20 suka mutu cikin motocinsu bayan da ƙanƙara ta rufe hanya. A Disambar shekarar, a birnin Buffalo na Amurka, har motocin agajin gaggawa sun kafe. Ƙanƙara mai zurfi da rairayi mai laushi hali ɗaya suke wa mota.

Namu haɗarin mafi muni dai ruwa ne. Hukumar hasashen yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 30 yana iya tafiya da ƙaramar mota, santimita 60 kuma ya tafi da babba. Ba sai mun je nesa neman shaida ba. A watan Agustan 2024, a jahar Tawa, ruwa ya tafi da motoci biyu ɗauke da ƴan kasuwa a kan hanyar Telemses, sama da mutum 50 suka rasu. A daminar ta 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, kuma jahar Maraɗi ce ta fi yawan mamata. Bututun shaƙar iska da ake ɗaga wa wasu motoci har saman gilashi yana hana inji shan ruwa ne kawai. Ba ya hana igiyar ruwa ɗaga mota daga ƙasa.

A kan rairayi kuwa, abin da ke fitar da mota sau da yawa ba ya da tsada. Tsofaffin direbobin hanyar Agadas sun san shi: a rage iskar taya, daga kilo biyu da rabi zuwa wajen ɗaya da rabi ko ƙasa da haka, don tayar ta baje ta taka da faɗi, a ɗauki shebur, da faranta biyu na ƙarfe da ake turawa ƙarƙashin ƙafa, da famfon mayar da iska in an fito, a bi tudun rairayi da sassafe, kafin rana ta sassauta shi. Sai dai duk wannan dabara tana rushewa ranar kasuwa, lokacin da aka ɗora wa motar da aka ƙera don kaya kusan tan ɗaya buhunan hatsi, awaki da mutane har saman ƙarafa. Tayar da ta riga ta cinye, aka rage mata iska ƙarƙashin irin wannan lodi, fashewa take yi. Ba wai direban bai sani ba ne, kuɗin gazuwal ne ke lissafa masa fasinja. Kuma tun bayan rufe iyaka da Benin a 2023, kayan da ake saukewa a tashar ruwan Kwatano sun koma doguwar hanyar Lome da Burkina Faso, har da tayoyi da kayan gyara.

Nan ne maganar ta shafi masu tsara kasafi. Sayen mota yana da biki, yana da hoto. Zuba kankare a mashigar ƙorama, ko jar ƙasa a ƴan wuraren da kowa a yankin ya san nan motoci ke kafewa, ba ya da ko ɗaya. Amma ga macen da naƙuda ta yi wa tsanani a wata likitar ƙauye, ake son kai ta asibitin Dakoro ko Maraɗi, ƴan mitocin nan ne ke yanke hukunci. In motar ta kafe a can, amalanke da babur ake komawa nema, cikin dare.

A ganina, duk majalisar gari ko ƙungiyar da za ta ba da kat-kat a wannan yanki, ya kamata ta rubuta cikin yarjejeniya wa zai sayi tayoyi a shekara ta biyu, wa zai horar da direba, kuma a wane zurfin ruwa ne aka hana shi tsallakawa ko da wa ke cikin motar. Sauran kuɗin a kai su mashigun ƙoramu, tun daga yankin Gulbin Kaba har kwarin Tarka, kafin ruwan watan Yuli ya sauka.