Zauren Masu Mota: Yoyon da ido ba ya gani

A shekarun baya, a-kori-kurar ɗan kasuwa ita ce Peugeot 404 ko 504 mai tanti, wadda bakanike ke gane ciwonta da kunne tun kafin ya buɗe gabanta. Yau kuwa, a tashoshin Maraɗi da Damagaram da Tawa, har da harabar ma'aikatun Yamai, ana ganin motoci na hannu irin su Toyota Tacoma da Tundra da Ford F-150, waɗanda suka baro Amurka suka shigo ta Kwatano ko Lome. Motocin nan suna da wata ƴar fitila mai ruwan ɗorawa, mai siffar inji, a gaban direba. Sau da yawa fitilar takan kama alhali mota na tafiya lafiya lau. Sai a ce da mai ita ba komai, a cire kan batir a mayar. In ta sake kamawa a liƙe ta da baƙar leda, ko a cire kwanta ɗungum. Wannan magani ya fi ciwon haɗari.

Cikin dalilan da suka fi sa fitilar ta kama akwai yoyon tururin isansi. Man fetur ba ya jimre zafi: sassansa mafi sauƙi suna fara tafasa tun tsakanin digiri 30 zuwa 40, wato ƙasa da zafin da ake sha a watan Afrilu da Mayu. A tsofaffin motoci tururin yakan fice ta ƙofar iskar tanki ya bi iska. Tun daga 1971 dokar Amurka ta tilasta wa masu ƙera motoci su tare shi, saboda yana cikin abubuwan da ke gurɓata iskar birane. Don haka aka rufe tanki ruf, aka ja tiyo daga samansa zuwa wani gwangwani cike da gawayi, wanda ke shanye tururin ya riƙe. In inji ya yi zafi ana tafiya, kwamfutar mota takan buɗe wani bawul da ke kusa da inji, ya zuƙe tururin ya ƙone shi tare da sauran mai. Akwai kuma bawul na biyu kusa da gwangwanin, wanda ke barin iska ta shiga ta fita. Motar gazuwal ba ta da wannan tsari, domin gazuwal ba ya tururi kamar isansi. Mai Hilux ta gazuwal sai ya nemi dalilin fitilarsa a wani wuri.

Daga 1996 dokar ta ƙara da cewa mota ta riƙa binciken kanta. Kwamfuta takan rufe bawul ɗin iska, ta auna ko tankin na riƙe matsi. Tana iya gano hujin da faɗinsa bai wuce milimita 1 ba, kuma daga shekarar 2000 aka fara ƙera masu gano na rabin milimita. Abin da ta gano tana ajiye shi da lamba, ana kuma karanta lambar da ƙaramar na'urar bincike da ake soka wa wani soket mai baki 16 a ƙarƙashin sitiyari. P0455 babban yoyo ke nan, P0442 ƙarami, P0456 ɗan mitsitsi, P0441 na nuna inji ba ya zuƙar tururi yadda ya kamata, P0446 kuwa matsalar ɓangaren bawul ɗin iska ce. Mai mota ya sa a rubuta masa lambar a takarda kafin a share ta. Wanda ya cire batir bai karanta ba, ya yi kamar majinyacin da ya yaga takardar likita a ƙofar asibiti.

Akwai wani abu da ke yaudarar mai mota da bakanike baki ɗaya. A yawancin motocin, kwamfuta ba ta yin wannan gwaji sai man da ke tanki yana tsakanin kashi 15 zuwa 85 cikin 100, kuma zafin gari bai wuce wajen digiri 35 ba. Fitilar ma ba ta kamawa sai gwajin ya faɗi sau 2 a jere. To, a tsakiyar bazara mota na iya daɗewa ba ta gwada kanta ba. An share lamba, fitila ta mutu, bakanike ya karɓi kuɗinsa, kowa ya yi murna; sai ruwa ya sauka ko hunturu ya shigo, fitila ta dawo, rigima ta tashi. Shirun fitila a lokacin zafi ba shaidar gyara ba ne. Gyaran gaskiya shi ne wanda fitilar ke mutuwa da kanta bayan gwaji ya yi kyau sau 3 a jere.

Bincike kuwa daga abu mai araha ake fara shi. Na farko murfin tanki. Robar da ke bakinsa zafi na tsattsaga ta, ƙura na hana ta zama. A goge, a duba, a murɗa har sai ya yi ƙara. Murfi mai makulli da ake saye a kasuwa don tsoron masu zuƙe mai, musamman a motocin ma'aikata, ba kowanne ne ke rufewa daidai ba. Tsumma da leda kuwa ba murfi ba ne. Ford F-150 daga ƙirar 2009 ba ta da murfi sam, wata ƴar ƙofa ce ke rufe kanta a bakin tanki, kuma mazurarin mai sayar da mai a kwalba na iya lanƙwasa ta.

Na biyu ido da hanci. Tankin a-kori-kura yana ƙarƙashin wurin kaya, samansa ba ya ganuwa sai an sauke shi ko an ɗaga bayan motar. Can ne tiyoyi suke, can ne kuma robar da ke toshe bakin famfon mai take. Motar da ke dakon gero da wake da gyaɗa ba ta rabuwa da ɓeraye, su kuwa suna gaigayar tiyo. Wanda ya sa aka kafa wa motarsa ƙarafan ɗaurin kaya, ya tabbata ƙusa ba ta huda wani tiyo daga ƙasa ba. In ana jin warin isansi a bayan mota bayan ta tsaya a rana, kada a yarda mai walda ya kusance ta: tankin da ke da ɗan mai kaɗan cike yake da tururi, tururin ne kuma ke kama wuta.

Na uku bawul ɗin nan guda 2. A yawancin motoci, na kusa da inji a rufe yake in ba wuta; in an cire shi aka hura masa iska ta wuce, ya lalace. Alamarsa ita ce mota ta yi ta gardamar tashi da zarar an sha mai. Na kusa da gawayi kuwa a buɗe yake sai an ba shi wutar batir ya rufe. Shi ne ya fi shan wuya a hanyoyin burji da rairayi na wajen Dakoro da Tanut da Abalak, domin yana ƙasan mota inda tayoyi ke watsa ƙura. In ƙura ta hana shi rufewa, kwamfuta sai ta ɗauka yoyo ne. In ta toshe shi, kan famfon gidan mai sai ya yi ta katsewa tanki bai cika ba.

Na huɗu hayaƙi. In duk wannan bai nuna komai ba, ana rufe bawul ɗin iska a tura farin hayaƙi cikin tiyo da na'urar da aka yi don haka, a haska tocila a ga inda yake fita. Inda babu na'urar, ƙaramin famfon hannu mai ma'auni da ruwan sabulu na iya aiki, kamar yadda mai faci ke neman huji. Sai dai iskar da ake buƙata kaɗan ce ƙwarai. Ta tayar mota ta ninka ta fiye da sau 50. Duk wanda ya jona injin iskar mai faci a tanki, zai fasa abin da ya zo nema ya ƙara da wasu. Taba da ashana kuwa ba su da wuri a wannan aiki.

Akwai kuma laifin da ke wuyan masu mota. Mai doguwar tafiya yakan sa a cika tanki har wuya, a girgiza mota a ƙara. Man da ya wuce ƙima yana gangarawa cikin gwangwanin gawayi, wanda don tururi aka yi shi. Gawayin ya jiƙe ya marmashe, ɓarɓashinsa ya bi tiyo ya toshe bawul. Lita guda da aka cusa don riba sai ta jawo sayen kayan da ba a samu sai an aika Kano ko Lome. In kan famfo ya katse da kansa, a tsaya nan.

Mai mota na iya cewa yoyon tururi bai taɓa tsayar da mota a daji ba, kuma gaskiyarsa. Amma fitilar guda ce tak, ita ce ke ba da labarin ciwon inji iri-iri. In buji ya daina ba da wuta, ita ce ke ƙyaftawa don a tsaya kafin ɗanyen mai ya ƙone matatar hayaƙin da ke cikin bututun baya, wadda tana cikin kaya mafi tsada a jikin mota. Wanda ya saba ganin fitila na ci saboda murfin tanki ba zai lura da ranar da babban ciwo ya zo ba, wanda ya cire kwanta kuwa ya rufe bakin maigadinsa da hannunsa. Shi ya sa mai sayen mota ta hannu ya kamata ya murɗa makulli kafin ya tada inji: in fitilar ba ta kama tare da sauran ba, an taɓa ta, sai ya tambayi dalili kafin ya ƙirga kuɗi. Ɗan hakin da aka raina shi ke tsone ido.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.