Ciwon Sukari: Aikin Mai Ba Da Magani Ya Wuce Miƙa Ƙwaya



Dattijon da ke fama da ciwon sukari a Kafinsoli bai cika ganin likita ba sai ranar da ya je Babban Asibitin Kankia, idan kuwa abu ya tsananta a tura shi Katsina. Wanda yake gani kowane wata shi ne mai ba shi magani. A ganina a hannun wannan mutum rabin jinyar take.

Sukari ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a huta. Magani yana danne shi ne, ba ya kawar da shi. Da yawa daga iyayenmu da sun ji ƙarfin jiki sai su ajiye ƙwaya, alhali ciwon yana cin ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa a ɓoye. Wani kuma Metformin ce ta ɓata masa ciki ya yi fushi da ita, don ba wanda ya gaya masa cewa tare da abinci ake shanta, kuma damuwar kan lafa bayan 'yan makonni. Glibenclamide kuwa, wanda ya sha ta ya tafi gona da yunwa, sukarinsa na iya faɗuwa har ya kama karkarwa da gumi, a ɗauka iska ce ta buge shi. Duk wannan bayanin minti biyu ne a bakin kanta.

Sai dai masanin harhaɗa magunguna daban, mai kemis daban. A ƙauyukan Kankia da Kusada mai kemis ya fi kusa da jama'a, amma ba huruminsa ba ne ya sauya wa mutum magani ko adadinsa. Abin da ke wuyansa shi ne ya tambaya: Baba, ina ƙwayar watan jiya, ta ƙare? Idan saura ya yi yawa, ya mai da shi asibiti.

Ku matasa masu karatun nan, ku riƙa raka iyayenku. Ku tambayi masanin magani yadda za a adana allurar insulin a zafin Afrilu inda babu firji, kusa da sanyin randa ba tare da ta jiƙe ba. Kuma tun a Sha'aban a je a ji yadda za a tsara magani tsakanin sahur da buɗa-baki, ko ma azumin bai dace da lafiyar mutum ba.